Yadda ake gyara kwamfutar da manhajar shara ta lalata wa fayilolin DLL

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini, kusan da kalmomi iri ɗaya: "Malam, kwamfutata ta yi nauyi, na ɗora wata manhaja don ta share ta ta ƙara sauri. Ta ce ta gano matsaloli ɗaruruwa, na danna gyara. Yanzu manhajar da nake aiki da ita ta ƙi buɗewa, sai wani ɗan akwati ya fito yana cewa MSVCP140.dll is missing." Wani kuma VCRUNTIME140.dll ce tasa, wani lamba 0xc000007b yake gani. Mafi yawansu masu shagon buga takardu ne, da masu zane, da ɗaliban da ke tsakiyar rubuta firojet. Amsar da suka fi samu a wurin masu gyara ita ce a yi mata fomatin, alhali sau da yawa abin bai kai can ba.

Abu guda kawai nake so ka riƙe kafin mu shiga aiki. Fayil ɗin DLL, wato fayil mai ɗauke da umarnin da manhajoji ke kira don su yi aiki, kamar babbar tukunyar biki ce a gidan yawa: tana jingine a zaure, ba kullum ake taɓa ta ba, amma duk ɗakin da suna ko aure ya taso masa ita zai nema. Manhajar shara baƙuwa ce a gidan. Ta ga tukunya ta yi ƙura, ta ɗauka ba ta da mai ita, ta miƙa wa ɗan jari-bola. Ba za ka san an yi ɓarna ba sai ranar da aka zo ɗora girki. Gyaran shi ne a gano tukunyar wa aka fitar, a karɓo wata daga inda aka ƙera ta. Bi matakan nan a jere, kuma da zarar manhajarka ta buɗe ka tsaya, ba dole sai ka kai ƙarshe ba.

Kayan da za ka tanada

Caja a jone da wutar da ka tabbatar za ta kai awa biyu, ko batir mai ƙarfi. Filashi ko faifan ajiya na waje da zai ɗauki fayilolinka. Izinin mai kula da kwamfutar, wato asusun Administrator. Sai data: fayilolin Visual C++ da aka fi buƙata ba su kai megabait 50 ba idan an haɗa su, na DirectX kusan megabait 100 ne, amma idan abin ya kai ga sauke Windows gaba ɗaya ka tanadi gigabait 6 zuwa 7 da filashi mai aƙalla gigabait 8. Duk kayan gyaran da zan ambata kyauta ne, yawancinsu ma suna cikin Windows ɗinka. Kuɗinka a data da man inji kaɗai zai tafi.

1. Dakatar da mai sharar

Kada ka sake danna Scan, Fix ko Optimize, ko da manhajar ta yi maka alkawarin ita za ta gyara abin da ya ɓaci. Da yawa daga cikinsu suna da jadawalin shara na kansu, suna tashi tare da kwamfuta su ci gaba da aiki a ɓoye. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga sashen Startup, nemo sunanta, ka danna Disable. Sannan ka shiga saitinta ka kashe duk wani abu mai kama da Auto clean ko Scheduled.

Gargaɗi: kada ka cire ta daga kwamfutar tukuna. Wasu suna ajiye kwafin abin da suka goge a cikin foldarsu, kuma cire su yana tafiya da kwafin. Za mu buƙace shi a mataki na 4.

2. Rubuta saƙon kuskuren yadda yake

Ɗauki hoton akwatin da wayarka. Harafi ɗaya yana canza magani: MSVCR120 daban, MSVCP140 daban. Ka kuma gwada wasu manhajoji uku ko huɗu ka ga ko su ma sun ƙi. Idan guda ɗaya ce ta ƙi, ɓarnar ƙarama ce. Idan har Settings ko maɓallin Start sun daina amsawa, an taɓa jikin Windows ne.

Wani lokaci ba akwati, manhajar ta ɗan leƙo ne ta ɓace. A nan danna maɓallin Windows da R tare, rubuta perfmon /rel, ka danna Enter. Jadawalin ranaku zai fito, da jan alama a ranakun da wani abu ya faɗi. Buɗe na manhajarka ka nemi layin da ke ɗauke da sunan fayil ɗin da ya jawo faɗuwar, galibi an rubuta Fault Module Name ko Faulting module name. Wannan jadawalin yana da wani amfanin kuma: zai nuna maka ranar da matsalar ta soma, ka gwada ta da ranar da ka yi sharar.

3. Kwashe fayilolinka

Documents, Desktop, Pictures, Downloads, da duk foldar aikin kwastomomi. Kwafe su zuwa waje, ka buɗe biyu ko uku daga can don ka tabbatar sun kwafu lafiya. Matakan da ke gaba ba a yi su don su taɓa fayilolinka ba, amma ɗaukewar wuta ba ta neman izini.

Gargaɗi: idan kwamfutar tana da BitLocker, wato kullen da ke rufe bayanan faifan, nemo mabuɗinsa mai lamba 48 tun yanzu. Sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da shi a kunne ba tare da mai ita ya sani ba. Galibi yana cikin asusunka na Microsoft. Wanda ya sayi kwamfuta ta hannu kuma ba shi da mabuɗin, gara ya kashe BitLocker ɗin yanzu da Windows ke buɗewa, don idan ta nemi lambar a tsakiyar gyara babu mai gyaran da zai iya tsallake ta.

4. Maido da abin da aka goge daga hannun wanda ya goge

Wurare uku za ka duba. Na farko cikin manhajar sharar kanta: nemi sashe mai suna Rescue, Undo, Backup ko Restore, ka zaɓi ranar da ka yi sharar. Na biyu, idan rijistar Windows, wato kundin saitunan Windows da na manhajoji, ta share kuma ka amsa da Yes lokacin da ta tambaye ka ajiye kwafi, akwai fayil mai ƙarewa da .reg, sau da yawa a Documents, da kwanan wata a sunansa. Danna shi sau biyu, ka yarda a haɗe shi. Na uku Recycle Bin, musamman idan abin da ka yi amfani da shi mai neman fayiloli masu kama da juna ne.

Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni takaici. Fayil ɗaya na DLL kan zauna a foldoji goma, kowace manhaja da kwafinta, wani lokaci suna ɗaya amma siga daban. Mai neman tagwayen fayiloli zai bar ɗaya ya goge tara, ya nuna maka ya samar maka da wuri. Irin wannan kayan aikin na hotuna da waƙoƙi da bidiyo ne. Kada ka taɓa sakin sa a kan C gaba ɗaya, ko foldar Windows, ko Program Files.

Ka leƙa kuma Windows Security, sashen Protection history, ko wurin killacewa na duk rigakafin da kake amfani da shi. Mai yiwuwa shi ya kama fayil ɗin ba mai shara ba.

Gargaɗi: kada ka saki fayil daga killacewa don kawai manhaja na nemansa. Idan manhajar fasasshiya ce, irin wadda ake rabawa a filashi da "kirak", to akwai yiwuwar rigakafin gaskiya ya faɗa.

Bayan ka maido, zaɓi Restart. Ban ce Shut down ba: a Windows 10 da 11 akwai Fast Startup, wanda ke sa kashewa ta zama rabin kashewa, wasu gyare-gyaren ba sa zama sai an yi Restart.

5. Koma baya da System Restore

Windows da R, rubuta rstrui, Enter. Idan akwai wuraren komawa, wato kwafin yanayin da Windows take ciki a wasu ranakun baya, za ka ga jerinsu da kwanan wata. Zaɓi wanda ya riga ranar sharar. Akwai maɓallin Scan for affected programs, danna shi ka ga manhajojin da za su ɓace, domin duk abin da ka ɗora bayan wannan ranar zai tafi. Takardunka da hotunanka ba za a taɓa su ba. Aikin kan ci minti ashirin zuwa awa ɗaya, ya fi daɗewa a tsohon faifai mai juyawa.

Gargaɗi: da zarar ya fara ba a katse shi. Kada ka rufe murfin laftof, kada ka danne maɓallin wuta don ka ga kamar ta tsaya.

Kada ka yi mamaki idan ka tarar babu ko ɗaya. A kwamfutoci da yawa wannan kariyar a kashe take zuwa, kuma wasu manhajojin shara suna lissafa wuraren komawa cikin tarkace su goge su. Idan haka ne, wuce gaba.

6. Gano mai fayil ɗin

Nan ne zuciyar aikin. Sunan fayil ɗin yana faɗa maka gidan da ya fito.

Duk wanda ya fara da MSVCR, MSVCP ko VCRUNTIME sannan lamba ta biyo baya na Microsoft Visual C++ Redistributable ne, kuma lambar da ke biye ita ce shekararsa a ɓoye: 80 na 2005 ne, 90 na 2008, 100 na 2010, 110 na 2012, 120 na 2013. Mai 140, har da VCRUNTIME140_1.dll, yana cikin kunshi ɗaya da ya haɗe 2015 da shekarun da suka biyo baya. Masu farawa da d3dx9, d3dx10, d3dx11, da xinput1_3.dll, na tsohon kunshin DirectX ne na watan Yunin 2010, wanda wasanni da wasu manhajojin zane ke nema har yau. Idan api-ms-win-crt-runtime-l1-1-0.dll ne a kan Windows 7 ko 8.1, sabuntawar Universal C Runtime ce ta ɓace, lambarta KB2999226. Sunaye irin su ntdll, kernel32, user32 ko shell32 jikin Windows ne, ka tsallaka zuwa mataki na 8. Sunan da bai shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, mafi yawanci na manhajar ne kanta, wannan mataki na 9 ne.

Yanzu buɗe Windows da R, rubuta appwiz.cpl. Za ka ga layuka da yawa na Visual C++, shekaru daban-daban, wasu x86 wasu x64. Mutane da yawa suna ganin wannan jerin su ɗauka maimaici ne, su bar na baya-bayan nan su cire sauran, ko manhajar shara ta ba su shawarar haka. Ba maimaici ba ne. Manhajar da aka gina da na 2010 ba za ta karɓi na 2013 ba, sabo ba ya maye gurbin tsoho sai a cikin zuriyar 140 kaɗai. Duk jerin bai cinye wani wurin kirki a faifanka ba, ka bar su.

7. Ɗora kunshin daga Microsoft

Je shafin Microsoft na Visual C++ Redistributable, ka duba adireshin da kyau ka ga ya ƙare da microsoft.com kafin layin tsaga na farko. Na zuriyar 140 sunayensu vc_redist.x64.exe da vc_redist.x86.exe. Idan Windows ɗinka 64-bit ce, kamar mafi yawan na yanzu, ɗora duka biyun. Dalili shi ne manhaja 32-bit da ke zaune a Windows 64-bit x86 take nema, kuma saƙon kuskuren ba zai faɗa maka wanne ne ba. Idan kunshin yana nan, zai ba ka zaɓin Repair, danna shi. Idan ya ce akwai wata sigar a ɗore, da lamba 0x80070666, cire wadda ke ciki ta appwiz.cpl sannan ka ɗora sabuwar. Restart, ka gwada manhajarka.

Gargaɗi mafi girma a wannan jagorar: kada ka rubuta sunan fayil ɗin a Google ka sauke shi shi kaɗai daga shafukan da ke raba DLL. Na san shi ne abin da bidiyoyi da yawa ke koyarwa, kuma wani lokaci akwatin kuskuren yakan ɓace. Amma ba ka san wanda ya taɓa fayil ɗin ba, DLL kuwa umarni ne da ke gudana da duk ikon manhajar da ta kira shi. Ko da tsaftatacce ne, fayilolin nan a ƙungiya suke aiki, ka kawo ɗaya gobe a nemi ɗan'uwansa. Kuma sabuntawar tsaro ba za ta san da zamansa ba.

Ga kuma tarkon da ke haifar da 0xc000007b. A Windows 64-bit, foldar System32 ta fayilolin 64-bit ce, SysWOW64 kuma ta 32-bit ce. Sunayen a juye suke da abin da hankali zai ba ka. Mutum ya sauke fayil 32-bit, ya ga 32 a sunan folda, ya jefa shi System32, sai manhajar 64-bit ta ɗauko shi ta kasa haɗiyewa. Idan ka riga ka yi haka, koma ka cire wanda kai ka jefa da hannunka, shi kaɗai, ka kuma duba ko ka jefa wani a foldar manhajar, domin can take fara dubawa. Sannan ka yi Repair na kunshin. Kwafo fayil daga kwamfutar aboki ma haɗarinsa ɗaya ne idan sigar Windows ɗinku ta bambanta.

Umarnin regsvr32 da ake yawan ba da shawara ba ya aiki a kan waɗannan fayilolin. Zai ce maka bai sami DllRegisterServer ba, wannan kuma ba wata sabuwar matsala ba ce, fayilolin ne ba irin waɗanda ake yi wa rajista ba.

8. Gyara jikin Windows: DISM sannan SFC

Danna Start, rubuta cmd, danna dama a kan Command Prompt, zaɓi Run as administrator. Jona intanet. Rubuta wannan yadda yake, da tazara kafin kowane layin tsaga:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Idan ya gama, sai wannan:

sfc /scannow

Jerin yana da dalili. SFC yana gwada fayilolin Windows da kwafin da ke rumbun ajiyarta, foldar WinSxS, ya maye gurbin wanda ya lalace. Idan mai shara ya taɓa rumbun kansa, SFC ba shi da inda zai ɗebo mai kyau. DISM shi ke cike rumbun daga Windows Update, shi ya sa yake fara shiga.

Gargaɗi: DISM yakan tsaya cik a wata lamba, an fi ganin 62.3%, har na tsawon mintuna masu yawa. Bai maƙale ba. Kada ka rufe tagar. Idan ka saita layin intanet ɗinka a matsayin Metered connection don tattalin data, buɗe shi na ɗan lokaci.

Galibi SFC zai ƙare da ɗaya daga cikin amsoshi uku. Did not find any integrity violations na nufin jikin Windows lafiya yake, matsalar tana wani wurin. Successfully repaired them na nufin ya gyara, yi Restart. Unable to fix some of them na nufin akwai saura: yi Restart ka maimaita umarnin biyu sau ɗaya. Bayanin abin da ya gagara yana cikin C:\Windows\Logs\CBS\CBS.log, ka ajiye wa mai gyara idan abin ya kai gare shi.

Idan DISM ya ce bai sami tushen fayilolin ba, lamba 0x800f081f, sai ka ba shi da hannu. Sauke ISO na Windows, wato fayil ɗin ɗora Windows gaba ɗaya, mai daidai da taka. Rubuta winver a akwatin Windows da R don ka ga sigarka. Danna ISO ɗin sau biyu, zai fito kamar faifai da harafinsa, mu ce E. Rubuta dism /Get-WimInfo /WimFile:E:\sources\install.wim don ka ga lambar bugunka, Home ko Pro. Idan lambar 6 ce misali:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth /Source:wim:E:\sources\install.wim:6 /LimitAccess

Idan abin da ke foldar sources install.esd ne, sa esd a duk inda wim yake a cikin Source ɗin. Masu Windows 7 ba su da RestoreHealth, SFC kaɗai za su yi.

Abin lura: SFC ba ya gyara fayilolin Visual C++ na mataki na 7, haka nan ba ya taɓa na manhajojin wasu kamfanoni. Kada ya ce maka lafiya lau ka ɗauka an gama.

Idan Windows ba ta ma buɗewa, bayan ta kasa tashi sau biyu ko uku a jere za ta kai ka shuɗin allon gyara da kanta. Troubleshoot, sai Advanced options. System Restore yana nan, fara da shi. Idan babu, buɗe Command Prompt. A nan harafin faifan Windows kan canza, ka gwada dir C: da dir D: har ka ga inda foldar Windows take. Idan D ce:

sfc /scannow /offbootdir=D:\ /offwindir=D:\Windows

9. Sake ɗora manhajar da ta ƙi

Fara da Repair ko Change a appwiz.cpl. Idan babu, tabbatar kana da fayil ɗin ɗorawa da lambar lasisinka a hannu, sannan ka cire, Restart, ka sake ɗorawa.

A nan wasu ke cin karo da wani ciwon: manhajar ta ƙi gyaruwa, ta ƙi ciruwa, tana neman wani fayil mai ƙarewa da .msi. Wannan alama ce an share C:\Windows\Installer ko C:\ProgramData\Package Cache. Foldojin nan biyu suna da girma, suna kama da tarkace, amma a ciki Windows ke ajiye abin da take buƙata don gyara manhaja ko sabunta ta ko cire ta, kuma SFC da DISM ba sa dawo da su. Mafita ita ce ka samo ainihin fayil ɗin ɗorawa na siga ɗaya da wadda ke ciki ka gudanar da shi a kai, ko ka nemi kayan cirewa na musamman a shafin kamfanin manhajar.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta bayyana nan take. A rijistar Windows akwai wani sashe mai suna SharedDLLs, inda ake ƙirga manhajoji nawa ke amfani da fayil ɗaya. Kowace ta shigo ta ƙara ɗaya, ta fita ta rage ɗaya, sai lissafi ya kai sifili ake goge fayil ɗin. Idan aka hargitsa lissafin, wata rana ka cire wata manhaja can daban, ta tafi da fayil ɗin da wasu uku ke buƙata. Shi ya sa wani zai rantse maka bai yi shara ba tun wata biyu da suka wuce, kuma gaskiya ya faɗa.

10. Ɗora Windows a kan kanta

Idan duk wannan bai yi ba, saura mataki ɗaya kafin fomatin. Buɗe ISO ɗin daga cikin Windows, danna setup.exe, ka bi shi har inda zai tambayi abin da za a bari. Zaɓi Keep personal files and apps. Zai sabunta jikin Windows gaba ɗaya ya bar maka manhajojinka da fayilolinka. Ka ba shi awa ɗaya zuwa biyu, da wurin da ba zai gaza gigabait 20 ba a faifan C. A sababbin sigogin Windows 11 akwai hanya mafi sauƙi a Settings, System, Recovery, ƙarƙashin Fix problems using Windows Update.

Gargaɗi: daga cikin Windows ake yin wannan. Idan ka tayar da kwamfutar daga filashi, hanyar sabuwar ɗorawa ka shiga. Idan kuma ka ga zaɓin barin manhajoji a dushe ba ya dannuwa, tsaya: harshen ISO ɗin ko bugunsa bai dace da naka ba, nemo wanda ya dace.

Wanda zai kai wa mai gyara, ya tafi da hoton saƙon kuskuren, ya faɗi matakan da ya riga ya bi, ya kuma ce a fili ba ya son fomatin sai an kira shi. A yi cinikin kuɗin aiki kafin a buɗe ta.

11. Cire mai sharar, ka kunna kariya

Yanzu cire ta, tare da 'yan rakiyar da ta shigo da su: mai sabunta direbobi, mai "ƙara RAM", da duk abin da ka gani a appwiz.cpl mai kwanan wata ɗaya da ita wanda ba ka san shi ba. Idan mai sabunta direbobi ya taɓa maka sauti ko allo ko firinta, shiga Device Manager, buɗe na'urar, sashen Driver, ka danna Roll Back Driver.

Sai ka rubuta sysdm.cpl, shiga System Protection, zaɓi C, Configure, kunna shi, ka ba shi kashi 5 cikin 100 na faifan ko kusa da haka. Danna Create ka yi wurin komawa na farko yau da komai ke aiki. A Windows Security kuma, ƙarƙashin App & browser control, kunna Potentially unwanted app blocking. Microsoft da kansa ya bayyana cewa ba ya goyon bayan amfani da manhajojin share rijista, kuma tun 2018 Defender ke ɗaukar masu tsorata mutum da jan rubutu don ya biya kuɗi a matsayin manhajojin da ba a so.

12. Sharar da ba ta ɓarna

Nauyin da ya kai ka ga mai sharar yana nan, don haka ga abin da za ka yi a madadinsa. Rubuta cleanmgr, zaɓi C, danna Clean up system files. Temporary files, Windows Update Cleanup da Delivery Optimization Files duk ana iya goge su. Idan ka ga Downloads a jerin, nan ko a Storage Sense da ke Settings, cire masa alama, mutane da yawa a can suke ajiye takardunsu. Previous Windows installation kuma idan ka goge shi ka rufe hanyar komawa tsohuwar siga.

Idan girman WinSxS ne ya tsorata ka, lambar da kake gani ta fi gaskiyar girmansa, don fayiloli da yawa a ciki ana ƙirga su sau biyu. Kada ka goge komai a ciki da hannu. Wannan umarnin ne ke rage shi lafiya:

DISM /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup

Foldar Prefetch ma ka ƙyale ta, taimaka wa manhajoji take yi su buɗe da wuri.

Don sauri kuwa, koma Startup a Task Manager ka kashe abin da ba ka buƙata ya tashi da kwamfuta, ka bar rigakafi da na sauti da na linzamin laftof. Sannan ka duba sashen Performance yayin da kake aikinka na kullum. Idan Disk na zaune a 100% kuma an rubuta HDD, tsohon faifan mai juyawa ne ya gaza, maganinsa SSD, wato faifai mai sauri marar juyawa. Idan Memory ce ke cika kuma gigabait 4 gare ka, ƙara ta zuwa 8 in kwamfutar na karɓa. Kafin ka je kasuwa rubuta cikakkiyar lambar samfurin laftof ɗin da ke ƙasanta, don a ba ka irin RAM da SSD ɗin da za su shiga raminta, kuma a gwada su a gabanka kafin ka biya.